Ku Tambaya Mu Amsa: Yaushe takardun tarihinmu zasu haɗu wuri ɗaya a intanet?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon da yawansu akan tsofaffin takardu ne da littafan hannu, da batun ɗaukar hotonsu a saka a intanet, shi yasa na haɗa su wuri ɗaya na amsa. Masu tambaya akan wasu abubuwan kuyi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Salam malam, dan Allah ina da tambaya. Ni ɗalibi ne ina digiri na biyu a fannin tarihi, bincikena akan fataucin goro ne tsakanin Kano da Gwanja. Wallahi kuɗin mota kaɗai ya cinye min ɗan abinda na tara, wani wajen kaje ace mai makulli baya nan, wani wajen a miƙo maka fihirisa rabin shafukanta sun zube, kuma sai ka gama wahala sannan wani yace ai takardar da kake nema tana wani gari. Wai shin babu shafi guda a intanet da mutum zai shiga yaga abinda ke cikin duk gidajen nan? In babu me ya hana?
Daga wani ɗalibi a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya bada sa'ar karatu. Gaskiya shafi guda da ya tattara dukkan gidajen nan har da hotunan takardunsu babu shi tukuna, sai dai gutsattsari nan da can da zasu rage maka hanya. Bari in fara da yadda akai kayan suka warwatsu, don in ka gane wannan zaka san inda zaka dosa.

Takardun zamanin mulkin Turawa na Arewa, irinsu rahoton Razdan da na D.O. da lissafin haraji da jangali, mafi yawansu suna Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna. Ita ma'ajiyar Farfesa Kenneth Dike ne ya tsaya aka kafa ta a Ibadan a 1954, daga baya akai reshen Kaduna da na Enugu. A Kadunan dai akwai Arewa House, gidan da Sardauna ya zauna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci mayar dashi cibiyar bincike a 1970, yanzu tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Kano akwai Gidan Makama, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, ga ɗakin karatun Jami'ar Bayero. Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, Jos kuma gidan tarihin da aka buɗe a 1952 yana da nashi tarin littafan Larabci na hannu duk da mutane da kayan Nok suka fi saninsa. To kaga inda gizo ke saƙar, wannan na gwamnatin tarayya ne, wancan na jiha, ɗayan na jami'a, kowa da ma'aikatar da yake amsa mata da kasafin kuɗinsa da yadda yake rubuta fihirisarsa, kuma babu wanda aka ɗora wa nauyin ya leƙa ya tambayi maƙwabcinsa me kake dashi.

Kai kuma naka binciken ma ya tsallake iyaka, don hanyar goro bata tsaya a Najeriya ba. A Jami'ar Ghana dake Legon akwai Cibiyar Nazarin Afirka da ta tattara littafan Larabci da na ajami tun shekarun 1960, a ciki akwai rubuce-rubucen Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano ya zauna Salaga ta ƙasar Gwanja sannan ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934, kuma wanda ke nazarin Gwanja bai isa ya tsallake shi ba. Sannan akwai littafan Malam Umar Falke, Bakano malami kuma ɗan kasuwa da ya rasu a 1962, tarin nashi sama da takarda 3,000 yanzu haka yana ɗakin karatun Jami'ar Northwestern a Amurka. Don haka shawarata kafin ka sake hawa mota, ka nemi rumbun bayanan da ake kira WAAMD a intanet, Farfesa Charles Stewart ne ya faro shi, ya haɗa fihirisar littafan hannu na gidaje da yawa a Afirka ta Yamma. Ba hoton takardar zai baka ba, amma zai faɗa maka sunan littafi da mawallafi da inda kwafin yake, wannan kaɗai rabin wahala ne. Ka kuma duba shafin shirin ceto takardu na Ɗakin Karatun Birtaniya da ake kira EAP, akwai takardun Arewa da aka ɗauka a ciki kuma kyauta ake dubawa, haka ma ɗakin ajami na Jami'ar Boston da Farfesa Fallou Ngom ya jagoranta, akwai rubutun Hausa a ciki.

Yanzu batun me ya hana. Mutane sun ɗauka kuɗin sikana da kamara ne matsalar, ni kam ban yarda ba, ɗaukar hoto shine mafi sauƙi a duk aikin. Abinda ke da wuya shine gidajen su zauna su yarda da hanya ɗaya ta bayyana kaya, wato kowace takarda a rubuta sunanta da mai ita da shekara da harshe da inda take a tsari iri ɗaya, sannan su yarda wani ya ga fihirisar wani. Dubi abinda akai da kayan tarihin Benin da sojan Ingila suka kwashe a 1897. A Nuwamba 2022 aka buɗe shafin Digital Benin, ya haɗa kaya 5,246 daga gidaje 131 a ƙasashe 20, kuma ba'a ɗauke ko ƙarfe ɗaya daga inda yake ba, bayanai da hotuna kawai aka nema daga kowane gida aka daidaita su, aka kuma sa sunayen kayan da harshen Edo. A Turai akwai Europeana tun 2008, a Amurka akwai DPLA tun 2013, kuma tsarin nasu shine ƙananan ɗakunan karatu da gidajen tarihi na yanki su miƙa bayanansu ga cibiya ɗaya a yankin, ita kuma ta miƙa gaba, hoton yana nan a hannun mai shi, babban shafin nuna maka hanya kawai yake. Kamar gayya ce, kowa da gonarsa amma ranar aiki a haɗu.

Abinda ke min ciwo a namu lamarin, sau da yawa gida yakan samu abokin aiki a Landan ko Amurka ayi aiki mai kyau na shekara biyu ko uku, amma maƙwabcinsa dake tafiyar awa uku a mota bashi da kwafi, har ya zama ɗalibin Zariya ya fi saurin ganin takardar Kaduna ta shafin Ingila akan ta shafin gida. Ba laifin baƙin bane, su sunyi nasu. Mu ne ya kamata jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri su ja gaba su haɗa fihirisa ɗaya ta yankin, ko da babu hoto ko ɗaya a farko.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana ne ke rubuta min wannan. Mun gaji littattafai daga kakanmu wanda alƙali ne, suna cikin gafaka da akwatin ƙarfe, wasu gara ta fara taɓawa. Wasu mutane sun zo daga jami'a da na'urori suna so su ɗauki hotonsu wai za'a saka a intanet tare da na wasu gidaje. 'Yan'uwa sun rabu biyu, wasu sunce dabara ce ta kwashe mana gado a sayar wa Turawa, kuma akwai kundi a ciki da bamu so kowa ya gani. Menene shawararku?
Daga wani dattijo a Damagaram

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma ya jiƙan magabata. Tsoron da 'yan'uwa suke ji ba shirme bane, an sha fitar da littafai daga ƙasashen nan ba su dawo ba, kuma duk wanda ya raina wannan tsoron bai san tarihi ba. Amma ku bambance abu biyu, akwai mai son ya ɗauki littafin ya tafi dashi, akwai mai son ya ɗauki hotonsa ya bar muku abinku. Na farko kada ku yarda ko da da sunan aro ne, sai in da rubutacciyar yarjejeniya da shaidu da ranar dawowa. Na biyu kuwa ni ina ganin alheri ne gareku in an bi ƙa'ida, kuma ba sabon abu bane, tun shekarun 1960 masu bincike na Ibadan da Zariya suke bin gidajen malamai suna ɗaukar littafai a fim ɗin nan ƙarami na maikurofim suna mayar wa masu su.

Ku dubi abinda ya faru a Tumbutu. A Janairun 2013 da masu ɗauke da makamai zasu bar garin sun cinna wa littafai wuta a Cibiyar Ahmad Baba, kimanin 4,000 suka salwanta. Mafi yawan na garin sun tsira ne saboda iyalai masu ɗakunan karatu sun riga sun haɗa kai a ƙungiya ɗaya mai suna SAVAMA, Abdulƙadir Haidara ya jagorance su suka riƙa fitar da littafan a akwatunan ƙarfe ta mota da ta jirgin ruwa a kogin Neja zuwa Bamako, daga baya kuma aka zauna ana ɗaukar hotonsu tare da wani ɗakin karatu na Minnesota a Amurka mai suna HMML. Abin lura anan, iyalan basu sallama mallakarsu ba, littafin gidan wane yana nan na gidan wane, kuma haɗin kan da sukai tun kafin fitina shi yasa suka iya magana da murya ɗaya lokacin da baƙi suka zo da kuɗi da na'ura. Gida ɗaya shi kaɗai ba zai iya ja da jami'a akan sharaɗi ba, gida goma zasu iya. In akwai wasu gidajen malamai a Damagaram da aka tuntuɓa, ku zauna dasu tukuna.

Kafin a kunna kamara a rubuta takarda, da Faransanci da Hausa ko Larabci yadda kowa zai karanta da kansa. A sa a ciki cewa aikin a gidanku za'ayi ko a wani wuri cikin gari da ɗanku a zaune, warƙa ko ɗaya ba zata kwana a waje ba. A sa cewa za'a baku cikakken kwafin hotunan masu kyau ba waɗanda aka rage wa ƙarfi ba, kuma wani kwafin zai zauna a cikin ƙasa, misali sashen littafan Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH a Jami'ar Abdou Moumouni dake Yamai, wanda tushensa tarin da marigayi Boubou Hama ya faro ne. Shirin EAP da na ambata a sama, wanda ya fara a 2004, dokarsa kenan, asalin takarda baya barin ƙasarsa kuma dole a bar kwafi a gida, saboda haka in wani yace muku ba'a haka, ana yi. A kuma sa cewa duk inda hoton ya fito sunan gidanku zai biyo shi, kuma wanda zai buga shi a littafi don sayarwa sai ya nemi izininku.

Batun kundi kuwa haƙƙinku ne ɗari bisa ɗari. Ba dole sai an saka komai a fili ba. Kuna iya cewa wannan a ɗauka a saka kowa ya gani, wannan a ɗauka a ajiye amma ba mai buɗewa sai da izininmu, wannan kuma kada a taɓa shi sam. Ni zan ƙara da takardun shari'a, tunda kakanku alƙali ne ana iya samun batun gado da saki da bashi da asalin wasu gidaje da jikokinsu ke raye a garin, irin wannan a duba da kyau kafin a sake shi. Mai bincike na gari ba zai ji haushin wannan sharaɗin ba, wanda ya nuna fushi to kun ga alama.

Sannan tun yau Baba a ɗaga akwatin daga ƙasa a ɗora kan benci nesa da bango, kada a sa littafan a leda don tana riƙe laima, kada a liƙa salatif a inda ya yage, kuma kada a fesa maganin ƙwari a jikin takarda.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ma'aikaciya ce a wani ɗakin karatu, shekarun baya an kawo mana sikana muka yi sikanin tsofaffin jaridu da mujallu masu yawa muka zuba a faifan ajiya guda ɗaya, rannan aka jona shi yaƙi tashi, shikenan aikin ya tafi. Yanzu muna so mu sake, kuma gidan tarihin garinmu sun nemi mu haɗa hannu amma oga yace in muka basu kwafi ko muka saka a intanet ba wanda zai ƙara zuwa wajenmu kuma ɗan kuɗin fotokwafi da muke samu zai tsaya. Ya zan fahimtar dashi?
Daga wata 'yar'uwa, ta nemi a sakaya garinta

AMSA: Sannu 'yar'uwa, wallahi na ji zafin wannan asarar, wanda ya taɓa tsayuwa kan sikana yana juya tsohuwar jarida shafi shafi shi ya san abinda ya tafi. Kafin komai kada ku jefar da faifan kuma ku daina jona shi kuna gwadawa, akwai masu sana'ar ceto bayanai, wani lokaci ana dacewa.

Amsar da zaki ba oga tana cikin abinda ya same ku. Ƙa'idar da masu wannan aikin suke bi itace kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wani gini daban, in da hali ma wani gari. To wa zai riƙe muku na ukun in ba gidan tarihin ko jami'ar kusa daku ba? Ku riƙe musu su riƙe muku, ba sai an sayi komai ba banda faifan. Kuma wannan ba tsoron banza bane. A Satumban 2018 gobara ta cinye gidan tarihin ƙasar Barazil a Rio, mai kaya wajen miliyan 20. A Afrilun 2021 wuta ta kama ɗakin karatun Jagger na Jami'ar Cape Town inda ake ajiye kayan nazarin Afirka. A Sudan da yaƙi ya ɓarke a 2023 an wawashe gidan tarihin ƙasa a Khartum, ɗakin karatun cibiyar bincike ta Jami'ar Ahliyya a Omdurman ya ƙone, abinda ya ɗan sanyaya rai shine kafin yaƙin akwai shirin Sudan Memory da ya bi gidaje da hukumomi da dama yana ɗaukar hoton takardu da hotuna da finafinai, kwafin kuma ba'a gini ɗaya yake ba. Kuma kada ace ai in an miƙa wa Turawa an huta, Ɗakin Karatun Birtaniya kansa masu kutse sun afka masa a Oktoban 2023, shafukansa suka daɗe a rufe wata da watanni, wanda bashi da kwafi a gida sai jira.

Batun cewa mutane zasu daina zuwa, ni a ganina akasin haka ne yafi yiwuwa, don mutum baya zuwa neman abinda bai san kuna dashi ba. Ɗalibin da ya rubuto a sama da ya san jaridar da yake nema tana wajenku ai da tuni ya iso. Kuma in ogan ya dage akwai tsaka-tsaki, a saka fihirisa da ƙananan hotuna na dubawa a fili, manyan hotunan na bugawa su zauna wajenku mai so ya nema ya biya abinda aka tsara. Akwai ma wani tsari da manyan ɗakunan karatu ke amfani dashi mai suna IIIF, hoton yana zaune a kwamfutarku da sunanku amma wani shafin yana iya nuno shi, har mai bincike ya jera shafinku da na wani gida gefe da gefe ya gwada. Ki kuma tuna masa kuɗin fotokwafin da ake karewa, kowane ɗora tsohuwar jarida kan injin nan rage mata kwana yake.

In zaku sake aikin, ku zauna da mutanen gidan tarihin ku raba, kada ku ɗauki abinda suka riga suka ɗauka. Jarida kamar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Janairun 1939 da wuya ka samu gida ɗaya da ke da kowace fitowa lafiya lau, wani nada wannan shekarar wani nada waccan, sai an haɗa take cika. Ku ajiye babban kwafi a tsarin TIFF, wanda baya rage ƙarfin hoto, aƙalla ɗigo 300 a inci, ku fitar da ƙarami na yau da kullum daga jikinsa, kowane fayil a bashi suna mai ma'ana da shekara da wata da lambar shafi. Ku kuma kula da haƙƙin mallaka, littafin da mawallafinsa ke raye ko bai daɗe da rasuwa ba ana iya ajiye kwafinsa don adanawa, amma sakinsa a fili sai da izini.

TAMBAYA: Slm. Mu nan zango muna da takardun kakanni da wasiƙu da ajami, kuma tarihinmu ɗaya da na Kano da Katsina da Sakkwato. In anyi wannan haɗakar da ake magana mu ma da mu ko ta 'yan Najeriya ce kaɗai?
Daga wani malamin makaranta a Kumasi

AMSA: Malam ai in akayi babu ku to an bar baya da ƙura. Wasiƙar da falke ya aiko daga Salaga amsarta tana Kano, waƙar da aka rubuta a Sakkwato an kwafe ta a Maraɗi da Agadas da Garwa da Yandi, malamin da ya tafi hajji ta ƙasa ya yada zango a Chadi ko ya zauna Sudan littafansa suna can wajen jikoki. Iyakokin nan sun zo ne bayan takardun. Yamai ma banda littafan hannu akwai cibiyar CELHTO ta Tarayyar Afirka da ke tattara tarihin baka, kuma muryoyin da aka naɗa a kaset sun fi takarda saurin lalacewa.

Wahalar da za'a fuskanta a aikace itace fihirisa, ta Nijar da Faransanci, ta Ghana da Najeriya da Turanci, wasu da Larabci, kuma mutum ɗaya kowa da yadda yake rubuta sunansa, Shehu Usmanu kaɗai zaka ganshi a Usman dan Fodio da Ousmane dan Fodio da Uthman ibn Fudi, kwamfuta kuwa in ba'a faɗa mata ba mutum uku zata ɗauka. Dole a samu jerin sunaye guda da aka amince dashi wanda zai ɗaure duk rubutun nan wuri ɗaya, haka ma sunayen garuruwa, kuma ni ina da ra'ayin shafin binciken ya zama akwai Hausa a ciki don masu takardun su iya shiga da kansu. Hanyar da za'a bi ma akwai ta, ƙungiyar WACREN mai ofis a Accra ta haɗa layukan intanet na jami'o'in Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, tana kuma da shiri da ma'aikatan ɗakunan karatu akan rumbunan ajiya na bai ɗaya. Ku a naku ɓangaren ku fara da rubuta abinda kowane gida ke dashi a zangon, sannan ku tuntuɓi Legon da jerin a hannu.

TAMBAYA: Yaya ni dai waya kawai gareni, zan iya ɗaukar littafan gidanmu da ita? Kuma ance yanzu kwamfuta na karanta rubutu da kanta, zata karanta ajami?
Daga wani matashi a Gusau

AMSA: Ƙanena zaka iya, kuma gara hoton waya da babu. Ka samu wuri mai haske a inuwa, ka kashe fitilar kamara, ka shimfiɗa baƙin yadi mai tsabta, wayar ta tsaya daidai saman takarda ba a karkace ba, in ka samu abin ɗaure ta yafi riƙo da hannu. Ka ajiye rula a gefe don a san girman warƙar, ka ɗauki gaba da baya har shafin da ba rubutu, da tadarishin da gafakar. Babban abin kiyayewa, littafanmu ba ɗinkakku bane kuma galibi ba lambar shafi, warƙa warƙa suke, kalmar nan da ake rubutawa a ƙasan shafi ita ke nuna wadda ke biye, saboda haka ka ɗauka yadda ka same su a jere, in ka ga kamar sun hargitse kada ka gyara da ka, ka kira malami. Ka ɗaga wasu a haske ka ɗauki tambarin cikin takardar, irin mai jinjirin wata uku ɗin nan da aka riƙa kawowa daga Italiya, yana taimaka wa masana kintatar zamanin littafi. Kuma kada ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto don yana rage ƙarfinsa, ka kwafe zuwa kwamfuta ka ba wani ɗan'uwa a wani gari kwafi.

Batun karatu kuwa, kwamfuta ta yi nisa a bugaggen rubutu, amma ajamin hannu da kowane marubuci da salon alƙalaminsa da yadda yake sa wasali, har yanzu sai mutum ya zauna ya duba. Ita kanta na'urar sai an tara mata shafuka masu yawa da mutane suka karanta suka rubuta daidai sannan take koyo, wannan ma dalili ne na gidajen su haɗa abinda suke dashi. Kuma masu iya karatun muna dasu, alarammomi da gardawan da suka tashi da rubutun allo suna karanta hannun da mai digiri zai kwana a kai, duk shirin da za'ayi ya kamata a ɗauke su aiki da albashi a sa sunansu a fihirisa. In akwai irinsu a unguwarku ka zauna da ɗaya, kai kana ɗauka shi yana faɗa maka sunan littafin da mawallafi da wanda ya kwafa, kana rubutawa a littafi daban da lambar hoton a gefe.